Kare a tsakar gida, 'ya'yan zomo a garka: wa za a killace?

Cikin Agustan da ya wuce ƙanina ya kira ni bayan la'asar, muryarsa a dagule. Gidansa yana can bayan sabuwar Jami'ar Bayero, wajen Rimin Gata, irin gidajen nan da ake tarewa kafin a gama su: gaba katanga da ƙyauren ƙarfe, baya kuwa bulo sahu huɗu ne, sauran an toshe da kara. Ya shuka kuɓewa da kabewa a bayan, ciyawa ta kai gwiwa. Babban ɗansa ya je tsinkar kuɓewa, sai ga 'ya'yan zomo biyu sun lafe a ƙarƙashin ganyen kabewa. Yaro ya ƙwala ihun murna, karen gidan ya bi ihun, kafin a ce kwabo ya cafke ɗaya.

"Yaya, ɗayan yana nan, ko motsi bai yi ba. In ɗauke shi in sa a kwali, ko kare zan ɗaure? Ka san fa da daddare sakinsa nake yi."

Irin wannan tambaya ce ke damun masu kiwon zomo a Ɗorayi da Hotoro da Mariri waɗanda suke da karen gadi, sai dai su a kullum suke cikinta. Hanyoyin da ake bi sun kai shida, kuma kowacce da inda take aiki da inda take ba da kunya.

Wane zomon ne tukuna?

Hausa ta haɗa dabbobi biyu a suna ɗaya, kuma nan ne mutane suke fara ɓata lissafi. Zomon daji, wanda mafarauta ke bi da karnuka da rani, mai dogayen kunnuwa masu baƙi-baƙi a tsini, ba ya haƙa rami. Uwar tana haihuwa ne a ɗan lotsi cikin ciyawa, galibi ɗaya ko biyu, su fito da gashinsu, idonsu a buɗe. Ba ta zama da su. Sau ɗaya take zuwa, bayan faɗuwar rana, ta shayar da su na 'yan mintoci ta yi gaba. Bayan 'yan kwanaki ma 'ya'yan rabuwa suke, kowa ya nemi inda zai laɓe, sai lokacin nono su haɗu. Wajen wata guda an yaye su. Don haka wanda ka gani shi kaɗai ya lafe kamar dutse, uwarsa tana nan kusa. Lafewar ita ce makaminsa.

Zomon gida kuwa asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal ne. Zomanya tana ɗaukar ciki kwana 31 ko kusa da haka, ta tsige gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa, ta haifi shida ko takwas tsirara, ido a rufe. Sai wajen kwana 10 idon ke buɗewa, wajen sati uku su fara fitowa daga akwatin haihuwa, a yaye su tsakanin sati huɗu da shida. Kafin ka huta ta sake ɗaukar wani cikin.

Na daji baƙo ne na wata ɗaya. Na gida ɗan gida ne, shekara da shekaru. Kuɗin da za ka kashe wa baƙon wata ɗaya ba za su zama ɗaya da na mazaunin dindindin ba.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Kuɗi na farko. Farashin ƙarfe da siminti a Kano yana canzawa tsakanin Juma'a da Juma'a, saboda haka kayan da za ka saya zan lissafa maka, ka je Ƙofar Ruwa ko 'Yan Katako na Na'ibawa ka ji farashin ranar. Sai ƙarko: abin zai jure ruwan Agusta, da gara, da tsatsa, da haƙorin kare? Sai sauƙi, wato ko yaran gida da maigadi za su iya kiyaye tsarin ba tare da kana tsaye a kansu ba. Sai haɗari ga 'ya'yan zomon da ga shi karen. Na ƙara na biyar wanda ƙanina ya tuna mini: gadi. Ba don ado aka ajiye karen ba, kuma duk dabarar da za ta bar gida ba tsaro da daddare sai an yi mata tunani biyu.

Ɗaure kare

Ita ce mafi araha kuma mafi sauri: sarƙa, abin wuya mai ƙwari, da turke. Yau ka yanke shawara, yau ka gama. Wanda ya fi kyau a ja waya mai kauri tsakanin turaku biyu a zura zobe, a maƙala sarƙar a jikinsa, kare ya riƙa kai-da-kawo a gaban gida ba tare da ya kai baya ba. Kejin ƙarfe na kare ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma in dama kana da shi, ka huta.

Matsalarta lokaci. Yawancinmu da rana muke ɗaure kare, a sake shi bayan magariba ko isha'i, kuma daidai wannan lokacin ne uwar zomon daji take shigowa ba da nono. Ke nan in za ka bi wannan hanya sai ka ɗaure shi dare da rana na tsawon sati huɗu, kana fita da shi da igiya safe da yamma ya miƙe ƙafa. Gadi zai ragu zuwa haushi kawai, ko da yake, mu faɗi gaskiya, haushin nan shi ne kaso mafi yawa na aikin karnukan gidajenmu.

Haɗarinta biyu ne. Karen gida siriri ya iya zare kansa daga abin wuya in ya ja da baya, kuma mantuwar yaro ɗaya ta minti biyu ta isa ta rushe haƙurin sati uku. Na biyu, haƙƙin karen. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40. Kare a ɗaure a rana ba inuwa ba ruwa zai iya mutuwa kafin la'asar. Kowa ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Kare da ya daɗe a sarƙa kuma yakan ƙara zafin rai, abin lura ne a gidan da ke da ƙananan yara.

Raba gida da ƙofa a lungu

Wannan ce na fi so, kuma ita ce mutane ba sa tunawa da ita. Gidajen sababbin unguwanni kusan duk suna da ɗan lungu tsakanin gini da katanga, wanda ake bi zuwa baya. In ka sa wa lungun ƙofa, gida ya rabu biyu: gaba na kare, baya na zomo. Kare yana sake yana gadinsa, ba sarƙa ba ihu.

Abin da ake buƙata ƙofa ce ta rodi daga mai walda, da ɗan siminti na kafa ta, da sakata mai wurin kwaɗo. Ka ce masa tsayinta ya kai ƙafa shida, don kare mai jini a jika yana tsallake ƙafa huɗu ba da wata wahala ba. Tazarar rodi kada ta wuce yatsu uku, a kuma dafe ƙasan ƙofar da siminti, in ba haka ba zai haƙa ya wuce ta ƙasa, musamman da damina da ƙasa ta yi laushi. In lungu biyu ne, ƙofa biyu ke nan, kuɗi ya ninka. Da fenti mai hana tsatsa za ta yi shekaru, kuma amfaninta bai tsaya ga zomo ba: kaji, shanyar hatsi, ragon layya, duk za su ci moriyarta.

Raunin ta a fili yake. Bayan gida ya zama ba kare da daddare, kuma a gidan da ba a gama katanga ba, bayan ne wurin da ake tsoro. Ba ta kuma hana muzuru ko gafiya. Gidan da tsakar gida ɗaya ce tal, irin na cikin birni, ba shi da lungun da za a raba, amma can ɗin ma ba kasafai ake ajiye kare ba.

Shingen waya kewaye da makwanci

Ita ce dabarar da ta fi saurin zuwa wa mutum a rai: a kafa turaku a zagaye wurin da raga. Fili mai mita biyu kowane gefe zai ci mita takwas na waya da turaku shida zuwa takwas, a rufe sama saboda shirwa, a bar kafa a ƙasa kamar faɗin tafin hannu ta ɓangaren da uwar ke shigowa. Ba tsada, awa biyu an gama.

Sai dai ina da ja a kanta. Wayar kaji, wannan siririyar mai ido shida, an yi ta ne don ta tsare kaza. Kare yana yaga ta da haƙori ko ya tura ta da ƙirji ta lotse. Turaku a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba sa riƙe nauyin kare. Buge-bugen kafa shingen na iya sa uwar ta yi baya-baya. Babban abin kuma shi ne wanda na faɗa a sama: ɗan zomon daji ba ya zama wuri ɗaya. Kwana uku ka zo ka tarar da shinge yana gadin ciyawa, mai shi yana can gindin katanga inda kare zai iske shi. Tana da amfani a matsayin taimakon gaggawa na kwana biyu kafin mai walda ya kawo ƙofa. Bayan haka, araha ba ta ado.

Keji mai ƙafa

Wannan ta masu kiwo ce, kuma nan ya kamata a zauna a yi lissafi sosai, don abin da ka ƙera yau shi za ka rayu da shi. Zomanya ɗaya da 'ya'yanta suna buƙatar wuri mai tsawon ƙafa uku, faɗin ƙafa biyu, tsayin ƙafa ɗaya da rabi, a ɗora shi a kan ƙafafu kamar mita ɗaya daga ƙasa.

Katako ko ƙarfe? Na katako ya fi araha, kowane kafinta zai buga maka. Amma gara tana jiransa daga ƙasa, zomon yana gwaguyarsa daga ciki, fitsari yana ruɓar da shi. Masu kiwo sukan shafa wa ƙafafun kejin baƙin mai ko su tsoma su a gwangwani mai ɗan mai a ciki, wanda yake hana tururuwa da kwarkwasa hawa su cinye jarirai. Na ƙarfe ya fi tsada amma in an yi masa fenti zai binne na katako biyu ko uku. In kana da babban karen Turawa irin su Jaman Shefad, kada ma ka tsaya tunani: ƙarfe, kuma a kafe ƙafafun a siminti ko a ɗaure kejin da bango, don irin wannan kare yana miƙewa ya ture keji ya kife.

Wurin da ake yawan kuskure shi ne ƙasan kejin. A sa raga mai walda, mai ido rabin inci da inci ɗaya, yadda kashi zai zuba amma ƙafar jariri ba za ta zurma ba. Na taɓa ganin kejin wani maƙwabcinmu da aka yi wa ƙasa da raga mai faɗin ido: kare bai fasa komai ba, ƙarƙashi kawai ya shiga, duk yatsan da ya leƙo sai ya fizge. Da safe zomaye uku ba yatsu. Maganin wannan a sa faranti na langa-langa ko raga ta biyu kamar taƙi ɗaya a ƙarƙashin ta farkon. Gefen kejin ma daga ƙasa zuwa tsayin tafin hannu a sa mai ƙananan ido, don jaririn da ya maƙale a nonon uwa ta fito da shi daga akwati kada ya faɗo.

Akwai kuma kisan da ba jini. Kare ya kwana yana haushi yana zagaya keji, zomanya ta firgita ta riƙa tsalle tana buga ƙafa, ta tattake 'ya'yanta a akwati, ko ta daina shayar da su, wani lokaci ta cinye su. Babban zomo ma yakan karya bayansa da harbin ƙafa in ya razana. Saboda haka a toshe gefe uku na kejin daga idon kare, a sa akwatin haihuwa tun kwana 28 da barbara, a kuma ajiye kejin inda kare ba ya kwana. Rufin kwano tsirara a zafin bazara tanda ne. Zomo ya fara wahala tun zafi na haura digiri 30, sai a ɗora zana ko kara a kan kwanon, a nemi gindin darbejiya. Da hunturu kuma a rataya tsohon buhu ta ɓangaren iska, don jarirai tsirara sanyin asubar Janairu kaɗai ya ishe su.

Ɗakin bulo

Mafi tsada, mafi ƙarko. Ɗaki mai mita biyu kowane gefe, tsayin mita biyu, zai ci bulo wajen 150, ban da siminti, yashi, kwano, ƙofa da kuɗin birkila. Dole a dafe ƙasa, in ba haka ba zomo ya haƙa ya fita, gafiya ta haƙa ta shigo. Dole kuma a bar manyan tagogi masu raga a sama ta gefe biyu, don warin fitsari a rufaffen ɗaki yana kama musu huhu. Kare ba ya gani, ba ya kaiwa. Ga mai zomanya biyu ɓarnar kuɗi ce, ga ɗan haya kuwa gini ne ka yi wa mai gida.

Takunkumi da horo

Takunkumi mai kama da kwando, wanda kare zai iya buɗe baki ya yi haki a ciki, yana da amfani na ɗan lokaci, misali sa'ad da ake share keji. Kada a kuskura a ɗaure masa baki da tsumma ko igiya. Da haki kare yake rage zafin jikinsa. Kuma takunkumi ba ya hana kora da dannewa da ƙafa, wanda ya ishi ɗan zomo.

Horo kyauta ne amma yana cin lokaci. Kwikwiyon da ya tashi yana ganin zomaye, aka koya masa "bari!" tun yana ƙarami, yakan natsu a gabanka. A bayan idonka fa? Karnukanmu na gida jinin farauta ne, ba banza aka ce karen bana shi ke maganin zomon bana ba. Abu ya zabura a guje, ƙafarsa ta riga tunaninsa. Ka yi horon, zai rage maka ihu, amma kada ya zama shi kaɗai ne katangarka.

Batun kwali

Shawarar farko da ta zo wa ƙanina, wato ɗauke ɗan zomon a raine shi a kwali, ita ce mafi muni, shi ya sa ban sa ta a jerin ba. Nonon zomo ya fi na saniya kitse da kauri sosai. Madarar gwangwani da sirinji tana jawo kumburin ciki da zawo, ko ta sarƙe shi ta shiga huhu, kuma tsoron hannun mutum kaɗai yana kashe na daji. In yaro ya riga ya ɗauko, a mayar da shi daidai inda aka gan shi. Taɓawar ba ta sa uwar ta ƙi shi. Da safe a duba daga nesa-nesa: in cikinsa a cike yake, jikinsa da ɗumi, ta zo. Wanda kare ya ji wa rauni kuwa sai asibitin dabbobi, irin na Gwale, kuma tunda an je a duba ko allurar haukan kare ta shekara ba ta wuce lokaci ba.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari | Gadin dare |
|---|---|---|---|---|---|
| Ɗaure kare | Kaɗan | Na wucin gadi | Sai da sa ido kullum | Mantuwa, zafi, zarewa | Haushi kawai |
| Ƙofa a lungu | Matsakaici | Shekaru | Mai sauƙi | A bar ta a buɗe | Gaba kaɗai |
| Shingen waya | Kaɗan | Damina ɗaya | Mai sauƙin kafawa | Yagewa, 'ya'yan su fice | Cikakke |
| Keji mai ƙafa | Matsakaici zuwa mai yawa | Katako kaɗan, ƙarfe sosai | Shara kullum | Firgita, cizo ta ƙasa, zafi | Cikakke |
| Ɗakin bulo | Mai yawa | Mafi daɗewa | Mai sauƙi in an gama | Rashin iska | Cikakke |
| Takunkumi da horo | Kaɗan | Ba tabbas | Yana cin lokaci | Kora, dannewa | Ragagge |

Wacce ta dace da wa?

In na daji ne ka tsinta kuma ɗan haya ne kai, ko aljihu ba nauyi, ɗaure karen a waya mai zobe na sati huɗu, da inuwa da ruwa, ka hana yara zuwa wurin, ka kuma ɗaga wa ciyawar ƙafa kada a nome ta sai sun tafi.

In kana kiwon zomanya ɗaya zuwa huɗu kuma karen ƙarami ne ko tsoho, kejin katako mai raga biyu a ƙasa ya wadatar. In karen babba ne, ƙarfe kafaffe, kuma in da hali a haɗa da ƙofar lungu, don ragar da ke hana haƙori ba ta hana firgita. Mai niyyar kiwo na sayarwa, zomanya goma zuwa sama, a gidan kansa, ya gina ɗakin bulo ya jera kejina a ciki. Mai kwikwiyo ya fara horo tun yau, ko wacce ya zaɓa a cikin sauran.

In kuwa gidanka ne, a bakin gari, da gona a maƙwabta, to uwar da ta sami garkarka bana ita ko wata za ta dawo baɗi, ƙofar lungu ce taka. Ita ƙanina ya yi. Kare ya kwana biyu a sarƙa kafin mai walda ya gama, shi kuma ya sa fitila mai aiki da hasken rana a bayan saboda katangar kara. Sati uku bayan nan na je gidan, yaron ya tare ni tun daga ƙyaure.

"Baffa, ya tafi fa. Shekaranjiya na gan shi ya bi ta ƙarƙashin karan nan, kunnuwansa sun yi wannan tsawon."

Ya nuna mini da hannu, ya kusa kai kamu guda.